Kofin Gwaji Ke Yanke Farashin Shayi Da Zoɓo A Kasuwar Duniya

LEGAS — A kowace shekara, da zarar kaka ta yi, manyan motoci kan ɗauko busasshen zoɓo daga kasuwannin jihohin Jigawa da Kano da Katsina, da busasshiyar citta daga kudancin Jihar Kaduna, su nufo tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can da ke Legas. Tun daga gona har zuwa bakin teku, da buhu da sikeli ake cinikin wannan kaya. Amma da zarar ya sauka a Hambug ta ƙasar Jamus ko wata tasha ta Turai, sai ma'aunin ya sauya. A nan za a ɗebi abin da bai wuce cikin cokali ba, a jiƙa shi a ruwan zafi, a miƙa wa wani ma'aikaci wanda sana'arsa ke nan kurɓa da tofarwa. Abin da wannan mutum ya rubuta a takardarsa shi ke nuna ko za a biya cikakken kuɗi, ko a rage, ko kuma a nemi wani mai kaya baɗi.

Wannan shi ne giɓin da ke tsakanin 'yan kasuwar Nijeriya da masu sayen kayansu a ƙetare. Mai sayarwa ya san nauyin kayansa da tsabtarsa a ido, shi kuwa mai saye ya san launinsa da ƙamshinsa da ɗanɗanonsa a cikin kofi, kuma ya kwatanta shi da na wasu ƙasashe a kan teburi guda. Duk wanda ya shiga ciniki bai san abin da abokin cinikinsa ya sani game da hajarsa ba, to farashin da aka yanka masa shi zai karɓa.

Tsohuwar sana'a mai ƙa'ida

Ɗanɗana shayi domin yanke farashi ya daɗe ƙwarai. An fara gwanjon shayi a birnin Landan a shekarar 1679, aka ci gaba da yi har zuwa ranar 29 ga Yunin 1998 da aka rufe kasuwar, domin cinikin ya koma kusa da gonaki. An buɗe gwanjon Kalkata ta Indiya a 1861, na Kolombo ta Siri Lanka a 1883. Na Gabashin Afirka kuwa an soma shi a Nairobi a 1956, sannan aka mayar da shi Mombasa a 1969, inda ake sayar da shayin Kenya da na maƙwabtanta irin su Uganda da Ruwanda da Burundi da Tanzaniya.

A duk waɗannan kasuwanni tsarin ɗaya ne. Kafin ranar gwanjo, dillalai kan raba wa masu saye samfurin kowane rukunin kaya, kowa ya jiƙa, ya ɗanɗana, ya rubuta kuɗin da yake ganin kayan ya cancanta. Ko da gwanjon Kolombo ya koma ta kwamfuta a shekarar 2020 saboda annobar korona, kiran farashi ne kurum ya bar zaure, amma samfuri bai daina zuwa teburin gwaji ba.

Domin kada kowa ya yi gwaji yadda ya ga dama, Hukumar Daidaita Ma'aunai ta Duniya ta fitar da ƙa'ida mai lamba ISO 3103 a shekarar 1980, aka kuma sabunta ta a 2019. Ƙa'idar ta tanadi giram 2 na ganye ga kowace mililita 100 ta ruwa. Ana amfani da farar butar tangaran mai murfi, wadda aka yi wa 'yan haƙora a baki domin tace ganye, da farin kwano wanda zai nuna launin ruwan sosai. Ƙaramar buta tana ɗaukar giram 2.8 na ganye da mililita 140 ta tafasasshen ruwa, babba kuma giram 5.6 da mililita 280. Ana barin ganyen ya jiƙa na minti shida cif, sannan a juye. Idan gwajin da madara ne, ita ma an ƙayyade ta: mililita 2.5 a ƙaramin kwano, mililita 5 a babba.

Shayin da aka haɗa ta wannan hanya yakan yi ƙarfi da bauri fiye da yadda mutum zai so ya sha a gida, kuma da gangan aka yi haka, domin duk aibin da ke cikin ganye ya fito fili. Abin da ake nema shi ne adalci tsakanin samfuri da samfuri: ruwa ɗaya, zafi ɗaya, nauyi ɗaya, lokaci ɗaya. Idan an sami bambanci a kofi, to daga ganyen yake.

Mai gwaji yakan bi matakai huɗu. Da farko ya duba busasshen ganye, ya ga ko girmansa ya daidaita, ko akwai itace da ƙura a ciki. Na biyu ya sunsuni jiƙaƙƙen ganyen da aka kife a kan murfi, domin a nan ne warin hayaƙi ko na fumfuna ko na ƙonewa ke tona kansa. Na uku ya dubi launin ruwan, ko yana da haske ko ya dushe. Daga ƙarshe ya zuƙi cokali guda da ƙarfi har da ƙara, ta yadda ruwan zai fantsama a duk bakinsa, ƙamshin ya hau hanci ta maƙogwaro, sa'an nan ya tofar a gwangwanin da aka tanada. Ba ya haɗiyewa, domin a yini guda yakan ɗanɗana kofuna masu yawan gaske.

Kaya iri uku a kan teburi

Abin da ake kira shayi a kantuna ya kasu gida uku, kuma kowanne da yadda ake auna shi. Na farko shi ne shayi zalla, wato ganyen itaciyar nan da masana ke kira Camellia sinensis. Baƙin shayi da kore duk daga gare ta suke, sarrafawa ce ta bambanta su: baƙi ana murza shi a bar shi ya sha iska har ya rine, kore kuwa ana yi masa zafi da wuri domin a tsayar da rinewar. Na biyu shi ne shayi mai ƙamshi, wato wannan ganye dai amma an sa masa ƙamshin fure ko mai ko kayan yaji. Na uku shi ne haɗin ganyayyaki da furanni da saiwoyi da 'ya'yan itatuwa, irin su zoɓo da citta da na'a-na'a, wanda sau da yawa babu ganyen shayi ko ɗaya a cikinsa, saboda haka babu sinadarin kafin mai hana barci.

A fannin shayi mai ƙamshi, wanda ya fi suna a Turai shi ne Earl Grey, wanda ya ci sunan Charles Grey, Firayim Ministan Birtaniya daga 1830 zuwa 1834. Baƙin shayi ne da aka sa wa man ɓawon wani lemo mai suna bargamot, wanda akasarinsa ake nomawa a yankin Kalabiriya na kudancin Italiya. Man asali yana da tsada, don haka kamfanoni da yawa kan yi amfani da ƙamshin da aka harhaɗa a masana'anta. Idan aka jera nau'o'in Earl Grey a teburi, abin da mai gwaji ke bincika shi ne ko ƙamshin ya shiga jikin shayin, ko kuwa yana bugun hanci ne kawai kamar turare, ya bar baki fayau.

Shayin furen yasmin na birnin Fuzhou da ke lardin Fujian na ƙasar Sin wata hanya ya bi. Ana tsinko furen da rana tun bai buɗe ba, da dare ya yi ya fara buɗewa sai a cakuɗa shi da koren shayi, ganyen ya zuƙe ƙamshin, da safe a tsince furen a busar da ganyen. Ga kaya mai daraja akan maimaita wannan aiki sau da dama, kowane karo da sabon fure. Shi ya sa ganin fure a cikin kwali ba ya nuna inganci, domin mafi kyawun shayin yasmin kusan babu fure a cikinsa. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya wannan tsari cikin jerin muhimman al'adun noma na duniya a shekarar 2014. A tsaunukan Wuyi na wannan lardi kuma ake yin Lapsang Souchong, wanda ake busarwa a kan hayaƙin itace, ta yadda warin hayaƙin da yake aibi a sauran shayi ya zama shi ne abin da ake biyan kuɗi dominsa.

Matsalar shayi mai ƙamshi ga ɗan kasuwa ita ce ƙamshi yana rufa wa mugun ganye asiri. Tsohon shayi wanda ya rasa ƙarfinsa, idan aka fesa masa man lemo ko na 'ya'yan itace, a hanci sai ya yi kamar sabo. Masu gwaji suna da dabarun kama wannan. Sukan bar kofi ya huce kafin su sake kurɓa, domin idan zafi ya tafi ƙamshin fesawa kan ragu, ainihin ganyen ya bayyana. Sukan sake zuba ruwa a kan ganyen karo na biyu, su ga ko ƙamshin zai dawo ko ya tafi da ruwan farko. Haka kuma sukan jera kofuna daga mai sauƙin ƙamshi zuwa mai ƙarfi, mai hayaƙi da mai na'a-na'a su zo daga ƙarshe, kuma ba a gwada shayi mai ƙamshi da butar da ake gwada shayi zalla, saboda ƙamshi kan maƙale a jikin kaya.

Inda kayan Nijeriya ke shiga

A kashi na uku ne Nijeriya ke da babban rabo. Zoɓo yana daga cikin ginshiƙan haɗin 'ya'yan itatuwa da Jamusawa ke sha, inda ake gauraya shi da busasshiyar tufa da 'ya'yan furen wardi na daji da ɓawon lemo. Aikinsa a cikin haɗin biyu ne: shi ke ba da jan launi, shi ke ba da tsami. A Amurka, kamfanin Celestial Seasonings ya fitar da haɗinsa mai suna Red Zinger tun 1972, kuma zoɓo ne jigonsa. A Meziko kuwa, wadda ke cikin manyan masu sayen zoɓon Nijeriya, sanyaya shi ake yi a sha da abinci, kusan yadda ake yi a Kano.

A teburin mai saye, zoɓon Nijeriya ba shi kaɗai yake ba. Kusa da shi akwai na Sudan, musamman na yankin Kurdufan wanda ya daɗe da yin suna, da na Masar da Burkina Faso da Senegal da Sin da Tailan. Ana jiƙa su daidai wa daida, a duba wanda ya fi ba da ja mai haske, da wanda tsaminsa ya fita tas ba tare da ɗaci ko warin ƙasa ba. Zoɓon da aka shanya a ƙasa yakan bar yashi a gindin kofi. Wanda aka ɗure a buhu da sauran danshi yakan yi warin fumfuna, shi ya sa masu saye kan sa sharaɗin kada danshin kaya ya wuce kimanin kashi 12 cikin ɗari. Wanda ya daɗe a sito kuwa, ruwansa yakan karkata daga ja zuwa ruwan ƙasa. Duk waɗannan aibobi, sikeli ba ya nuna ko guda.

Citta ma haka take. Ta yankunan Kachia da Jaba da Kagarko ta yi suna a duniya saboda yaji da yawan mai, kuma akasari tsagawa ake yi a busar kafin a fitar da ita. Busarwa tana sauya sinadarin da ke cikin ɗanyar citta zuwa wani wanda ya fi shi zafi, saboda haka ɗanɗanon busasshiya dabam yake da na ɗanya. Wannan yaji riba ne ga mai haɗawa, domin kaɗan zai zuba ya sami ƙarfin da yake so. Amma idan aka shanya ta a wurin da hayaƙi ke bugunta, ko ruwan sama ya taɓa ta, kofi zai faɗa. Annobar fumfunar da ta afka wa gonakin citta na kudancin Kaduna a daminar 2023 ta nuna wani darasi: da kaya ya yi ƙaranci, kamfanonin haɗawa ba su dakatar da aiki ba, domin akwai cittar Indiya da ta Sin a kasuwa, kuma aikin mai gwaji ke nan ya gano gwargwadon da za a zuba domin ta maye gurbin wadda aka rasa.

Sauran kayan haɗi kowanne da garinsu da martabarsu. Furen babunaj mai sa natsuwa, da yawansa daga yankunan Fayum da Bani Suwaif na Masar yake fitowa. Kanumfari na zuwa daga tsibiran Zanzibar da Pemba da Madagaska da Indunisiya. Kirfa iri biyu ce a kasuwa: ta Siri Lanka mai laushin ɓawo da sanyin ƙamshi, da ta Sin da Indunisiya mai kauri da zafi, wadda ta fi araha. Wanda ya sayi ta biyu da kuɗin ta farko, ya yi asara tun kafin ya buɗe shago. A gida kuwa akwai zogale da na'a-na'a da ciyawar nan mai ƙamshin lemo da tsamiya da kimba da masoro, waɗanda matan Hausawa suka daɗe da sanin gwargwadon kowanne a tukunyar zoɓo da kunu.

Sirrin haɗi shi ne rashin sauyawa

Abin da manyan kamfanoni ke sayarwa shi ne tabbaci, wato kwalin da aka saya bana ya yi daidai da na bara. Shi kuwa ganye ba ya tsayawa wuri ɗaya, yana sauyawa da damina da rani da gona da masana'anta. Saboda haka ƙunshin shayi guda na iya ɗauke da ganyen gonaki masu yawa daga ƙasashe dabam-dabam, kuma mai haɗawa yakan sauya lissafinsa a kai a kai domin abin da ke kofi ya tsaya yadda yake. Kowane kamfani yana ajiye samfurin da aka amince da shi, duk sabon haɗi sai an jera shi kusa da wannan kafin a ba da izinin ɗurawa.

Akwai kuma gwajin kofi uku, wanda kowane ɗan kasuwa zai iya yi a shagonsa. Ana ajiye kofuna uku marasa suna, biyu daga kaya ɗaya, na ukun daga wani, a ce wa mutum ya nuna wanda ya fita dabam. Mai canki-canka zai dace sau ɗaya cikin uku. Idan aka gwada mutane da dama, waɗanda suka dace ba su wuce wannan gwargwado da wani abin kirki ba, to bambancin bai kai wanda mai saye zai lura da shi ba, ana iya sauya mai kawo kaya ko a rage tsadar haɗi ba tare da fargaba ba. Idan kuwa akasarinsu suka nuna kofin nan take, to sauyin zai kori abokan ciniki.

Kowace kasuwa da bakinta

Babu shayin da ya fi kowanne a ko'ina, akwai dai wanda ya dace da masu shansa. Akasarin shayin Kenya, wadda ita ce kan gaba a duniya wajen fitar da baƙin shayi, ana sarrafa shi ne da injin CTC mai murƙushe ganye ya mayar da shi ƙananan ƙwayoyi, hanyar da aka ƙirƙiro a yankin Asam na Indiya a farkon shekarun 1930. Irin wannan shayi yana saurin sakin launi da ƙarfi, kuma madara da sukari ba sa danne shi. Shi ya sa Pakistan da Masar ke cikin manyan masu sayensa, kuma shi ne irin da ya dace da teburin mai shayi a tasha. Wanda zai sayar wa masu shayi, dole ya yi gwajinsa da madara, da irin madarar da suke amfani da ita.

A ɗaya ɓangaren, daga Maroko zuwa Muritaniya da Mali da Nijar, koren shayin Sin ake sha, wanda ake dafawa a ƙaramar buta a kan gawayi da sukari, wani lokaci da na'a-na'a, a sha zagaye uku. Wannan shi ne shayin da Buzaye suka yaɗa daga Agadas da Damagaram har zuwa biranen arewacin Nijeriya. 'Yan kasuwar wannan fanni da lamba suke kiran kaya, kamar 3505 da 41022, kuma abin da mai saye ke dubawa shi ne yawan kumfa da ƙarfin bauri da ko ganyen zai jure dafawa sau uku. Idan aka auna wannan shayi da ma'aunin mai shan shayi na Landan za a kushe shi, alhali a kasuwarsa waɗannan siffofi su ne darajarsa.

Ruwa ma yana da tasiri. Ruwa mai yawan ma'adinai yakan dusar da launin baƙin shayi, ya sa masa yana a sama. Launin zoɓo kuwa yana bin tsamin ruwa: a ɗiga masa lemon tsami ya ƙara ja, a jefa masa kanwa ya yi duhu. Don haka kamfanoni kan yi gwaji da irin ruwan garin da za a sayar da kayan. Haɗin da ya yi kyau da ruwan Jos yana iya ba da kunya da ruwan rijiyar burtsatse ta wani gari.

Abin da harshe ba ya kamawa

Duk ƙwarewar mai gwaji, akwai aibin da sai ɗakin bincike ke gano shi. A shekarar 2018 Meziko ta dakatar da shigo da zoɓo daga Nijeriya saboda ƙwaron sito da aka samu a cikin kaya, kuma sai bayan shekaru, da sharuɗɗan feshi da binciken Hukumar Killace Amfanin Gona ta Nijeriya, aka sake buɗe ƙofar. A tsawon wannan lokaci manoma da 'yan kasuwa sun ɗanɗana kuɗarsu. Tarayyar Turai kuma, ban da iyakar da ta sa kan ragowar maganin ƙwari, tun daga ranar 1 ga Yulin 2022 ta fara aiki da iyaka kan wani sinadari mai illa ga hanta, wanda ke shiga shayi da haɗin ganyayyaki idan aka girbe wasu ciyayi tare da amfanin gona. Ciyawa kaɗan a cikin kaya mai yawa ta isa ta sa a mayar da kwantena.

A cikin gida, duk mai son ɗura shayi ko haɗin ganye a kwali domin sayarwa sai ya yi rajista da hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993. Ya kamata kuma ya yi hattara da abin da zai rubuta a jikin kwali, domin da zarar ya ce kayansa na warkar da wata cuta, ya fita daga sahun abin sha ya shiga na magani, wanda ƙa'idojinsa suka fi tsauri.

Suna ma dukiya ne

Ƙasashen da suka san ɗanɗanon kayansu sun mayar da shi kadara. Indiya ta yi wa sunan Darjeeling rajista a 2004, Tarayyar Turai ta amince da shi a 2011, ta yadda shayin da bai fito daga waɗannan tsaunuka ba ba shi da ikon ɗaukar sunan. Afirka ta Kudu ta yi haka da rooibos, wani jan ganye marar kafin da ke fitowa a yankin Cederberg: a 2021 ya zama abincin Afirka na farko da ya sami kariyar sunan asali a Tarayyar Turai. Kafin nan, a 2019, masana'antar ta amince ta riƙa biyan al'ummomin Khoi da San kashi 1.5 cikin ɗari na farashin da ake sayen ganyen a gona, saboda su ne suka fara sanin amfaninsa.

Nijeriya ma tana da abin da za ta kafa suna da shi. A tsaunin Mambila na Jihar Taraba, inda tsawo da sanyi suka dace da itaciyar shayi, akwai gonakin Kakara da ake yin Highland Tea. Zoɓon Maigatari da cittar Kachia sanannu ne ga masu saye na ƙetare, amma da zarar sun shiga kwali a Turai sai sunan garinsu ya ɓace. Lissafin a fili yake: ƙunshin shayi guda yana ɗauke da kimanin giram 2, wato kilo ɗaya ƙunshi 500 ke nan, tan ɗaya kuma ƙunshi 500,000. Duk wanda ya kwatanta kuɗin kilon zoɓo a kasuwar ƙauye da kuɗin kwali mai ƙunshi 20 a babban kanti, zai ga wanda ribar ke tafiya wurinsa.

Matakin farko bai fi ƙarfin kowa ba

Kayan da ake bukata domin fara gwaji ba su da yawa: ƙaramin sikeli mai auna giram, fararen kofuna iri ɗaya, agogo, cokali, da littafin rubutu. Mai sayen zoɓo ko citta na iya jiƙa samfuri daga kowace mota kafin ya biya, ya rubuta garin da kayan ya fito da watan girbi da abin da ya gani a kofi. Ya kuma ajiye ɗan samfuri a rufaffen gwangwani daga duk kayan da ya tura, domin idan mai saye ya yi ƙorafi, akwai shaida a hannu. Cikin kaka biyu ko uku, wannan littafi zai nuna masa kasuwar da ta fi ba da ja, da manomin da ke shanya a kan tabarma ko leda, da wanda ya cancanci a ƙara masa kuɗi. Ta haka ne gyara zai kai har gona, domin manomi ba zai wahalar da kansa wajen tsabta ba muddin kuɗin mai kyau da marar kyau ɗaya ne.

Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da Hukumar Bunƙasa Fitar da Kayayyaki ta Nijeriya, wadda aka kafa tun 1976, suna da rawar takawa wajen horar da masu gwaji da tsara matakan daraja da kowa zai amince da su, kamar yadda shayin Kenya ke da nasa matakai da ake kira a gwanjon Mombasa. Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. A wannan kasuwa gwajin ba ya fashi, sai dai har yanzu akasarinsa a ƙetare ake yi, bayan kaya ya bar hannun mai shi. Ɗan kasuwar da ya riga mai saye kurɓar kayansa, shi ne zai zauna a teburin ciniki yana da ta cewa.